Ba a Barin Kare Ba Amsa

Ku 'yan matan da kuke zuwa gidana da la'asar wai in koya muku man kaɗe, ku karanta wannan tukuna kafin ku taɓa mini tukunya. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa a bakin zaure tana tsammanin kunnena ya mutu, wai ai kaɗe tsinta ce kawai, a duƙa a ɗauka. Duƙawar ma ba ku iya ba. Kuma kafin a kai ga duƙawa akwai zango, kafin zango akwai kare. A cikin matan da muka yi ta shiga daji tare, ni ce mai kare. Ina tsinta kamar kowa, ina dafawa, ina fasawa, amma bakin karen zango a wuyana yake. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya fi sanin taɓarya, don haka in layi ya karkace ku bi maganar ku ƙyale layin.

Ga abin da ya sa ake zango. Itatuwan kusa da gari masu gawayi sun gama da su tuntuni. Na kirkin suna can cikin duwatsu, tsakanin Mabai da ƙasar Faskari, inda in kin fita da asuba sai rana ta take za ki isa. Ɗan kaɗe kuwa ba ya jira. Da ruwan farko ya sauka zai fara zubowa, in ya daɗe a ƙasa ya tsira, man da za ki samu ɗaci ne da wari. Ga shi ɗanye nauyi gare shi kamar tsakuwa. Don haka a can ake ɓare masa nama, a dafa, a shanya, a fasa, sannan a kawo ƙwayar gida. Sai mu ɗauki rabin duro na dafuwa, da kwanduna, da tamfol, da garin tuwo, da sanda mai baki biyu ta juya ganye, mu je mu kafa bukkoki har zubar ta ƙare.

Tsintar asuba ita ce tsinta. Gari ya fara fari-fari, raɓa ta jiƙa zane har gwiwa, ki isa gindin itace ki tarar ya zubar kamar an shimfiɗa. Ni har yau ban daina mamakin itacen nan ba. Ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya ba shi ruwa, ba a hawansa, ba a girgiza shi, da kansa yake sauke miki wanda ya nuna ya riƙe wanda bai nuna ba. Amma ba ke kaɗai ya sauke wa ba. Naman kaɗe zaƙi gare shi, ɓera yana zuwa, maciji kuma yana bin ɓera. Kububuwa launinta ɗaya da busasshen ganye. Sanda tana taimako, amma sanda ba ta da hanci. Kare ke shiga gaba. Ya zagaya gindin, in ya ɗago yana kaɗa wutsiya a shiga, in ya ja da baya a wuce wani itace. Duk shekarun da na riƙe karen zango ba mu taɓa goyo mace zuwa gida da sara ba. Ba gwanintata ba ce. Hanci ne da Allah ya ba dabba ya hana mu.

Gwaggo Tambai ce ta koya mini, yayar ubana. Asalinmu Maguzawa ne na wata unguwa a bayan Ketare, sai da aure ya kawo ni Mabai na musulunta, kuma a gidajenmu kare ba abin kora ba ne. Shekarar da ta fara tafiya da ni zango, na ɗauki kwando zan bi mata, ta ƙwace ta zaunar da ni a gaban karenta, wani tsohon ja da biri ya gatse masa kunne ɗaya. Ta ce ɗayan da ya rage shi zan zauna in duba, da yamma in gaya mata abin da ya ce. Da farko ban ga komai a kansa ba sai ƙuda. Sannu a hankali na fara gani. Kunnen yana juyawa daji shiru, sai can daga baya zabo ya tashi, ko makiyayi ya ɓullo da shanu. Abin da ni zan ji yanzu, shi ya ji shi tun ɗazu. Daga nan na koyi rarrabe haushi. Na maciji gajere ne, yana yi yana ja da baya. Na biri da murna a ciki, kamar yara sun ga mai alewa. Na shanu na kasala ne, a kwance ma yake yinsa. Na baƙon mutum kuwa daga ƙirji yake farawa, gashin wuya ya tashi kafin baki ya buɗe.

Wata magariba muna tuƙa tuwo karen ya kama haushi wajen rafi ya ƙi dainawa. Na daka masa tsawa, ya ƙara. Na ɗauki dutse. Gwaggo ta doke mini hannu da muciya, da zafinta da komai.

"Ke kina haushi, shi yana haushi, to wa za ya saurari daji?" ta ce. "In kin yi mashi tsawa, cewa yake kin zo taya shi. In kin doke shi ya yi shiru, gobe ya ga kububuwa ma shiru za ya yi."

Sai ta aje muciya ta tashi, ba gaggawa. Ta je ta tsaya a gabansa, ta ba shi baya, ta fuskanci inda yake kallo. Ta daɗe tana dubawa, dubawa ta gaske. Sannan ta ce a hankali, "Na gani." Ta dafa masa wuya ta dawo kan tuwonta. Kare ya sauke numfashi ya kwanta. Ta ce mini kare ba surutu yake so ba, labari ya kawo aka yi kamar ba a ji ba. Ko ni in na yi sallama a ƙofar gida ba a amsa ba, ai ƙarawa nake da ƙarfi. Da zarar babba ya tashi ya duba ya karɓi maganar, nauyin ya bar kan kare ya koma kan babban. Ta ce duk sana'ar ke nan, ba a barin kare ba amsa, sauran gyare-gyare ne.

Gyare-gyaren ma ku ji su. Ranar da aka isa zango, kafin a kafa bukka ko ɗaya, mai kare takan zagaya da shi wurin duka, ya sunsuna kowane dutse da ƙunshin kayan kowace mace. Abin da ya sani ba ya yi masa haushi. Ba a ɗaure shi can gefe shi kaɗai yana fuskantar hanya, a kwantar da shi inda idonsa yake kan mai shi. Abincinsa da yamma ne, dusa da ƙanzo da ruwan miya, a kaskonsa daban, nesa da tulun sha. Kuma a gajiyar da shi da rana. Karen da ya wuni a ɗaure, da bakinsa zai yi gudun da aka hana ƙafarsa.

Bayan rasuwar Gwaggo na koma bin Hajiya Dije, maƙwabciyata. Ita ce uwar zango, ita ke cewa a tafi, ita ke cewa a dawo, kuma da man kaɗe ta je Makka. Wanda bai ga Hajiya tana bugun kaɗe ba bai ga aiki ba. Bayan an soya an daka an niƙa, abin yakan zama baƙin kwaɓi kamar taɓo. Ta zura hannu ciki tana bugawa tana yayyafa ruwa, mai ɗumi sannan mai sanyi, ba awo, tafin hannunta ke gaya mata. Kina kallo baƙin nan zai fara haske, ya yi toka-toka, sai kawai farin kumfa ya taso kamar shiɓar auduga. Na gani ba adadi, kuma kowane karo sai na ce ikon Allah. Unguwar zoma ba ta shafa wa jariri na kowa sai nata. Wani maɗori daga Daudawa yakan zo takanas, ya ɗanɗana da harshe kafin ya karɓa, ya gaya miki ko ƙwayar ta kwana a ƙasa kafin a dafa. Masu sabulu suna kwashe na ƙasan tukunya, 'yan kasuwar Funtuwa kuwa ƙwaya suke so a buhu, ba ruwansu da hannun kowa.

Aibinta ɗaya a wurina, ba ta ƙaunar kare ko a mafarki. Mace ce mai riƙe alwala tun asuba, tana da wata tsumagiyar geza kusa da buzun sallarta, kare ya matso ya sha ta. Ta yarda a tafi da shi don maciji, amma ba ta taɓa bari ya sunsuna ƙunshinta ba. Ƙazami take ce masa, ni kuma ɗiyar Maguzawa, ni kuwa in ce mata Hajiyar kumfa. Haka muka yi shekaru, ba wadda ta fasa.

Duna shi ne kare na ƙarshe da na kai zango. Wani mafarauci na wajen Sabuwa ya ba ni shi yana kwikwiyo. Baƙi ne wuluk, kuma ban taɓa ganin kunne da hanci irin nasa ba. Sai dai duk abin da kunnen ya ji sai baki ya faɗa. Zabo ya motsa, haushi. Iska ta kaɗa tamfol, haushi. Ɗan kaɗe ya faɗo tim, haushi, mu kuwa a ƙarƙashin kaɗe muke zaune. In na tashi na amsa masa yakan yi shiru, amma ya riga ya cika daji da murya. A shekarun lafiya abin dariya ne, mata suna cewa na kawo musu mai shela.

Sai shekarar da daji ya fara lalacewa. Da farko shanu ake korawa, daga baya aka koma ɗaukar mutane. Maza suka ce kada mu je. Amma rumbuna sun yi ƙasa, kuma kaɗe ne yake riƙe gidaje da yawa har sabon hatsi ya shigo. Wasu suka janye, sauranmu muka tafi. Hajiya ta sauya mana wuri, ta kai mu wani lungu tsakanin duwatsu, kurmi ya rufe bakinsa, rafi a ƙasa. Wurin ya ɓuya, sai dai akwai burtali, tsohuwar hanyar shanu, da ya bi ta bayan kurmin, kusa ƙwarai, in an yi tari a can za a ji a nan. Ta kafa doka: wuta da asuba kawai, lokacin da tururin rafi zai haɗiye hayaƙi, ba waƙa, ba rediyo, ba shanya farin zane. Sannan ta juyo kan Duna, wanda a daidai lokacin yake yi wa wani ƙadangare bayani.

"Kande," ta ce mini, "ko ki rufe bakin wanga ƙazami, ko ranar da Sale ya zo da jakuna ɗaukar kayan farko ya tafi da shi. Kin kuwa san ba gida za ya kai shi ba."

Na sani. A lokacin wasu ƙauyuka sun riga sun kashe karnukansu da hannunsu, don haushi ya zama mai nuna wa mutanen daji inda gida yake. Sale kuwa babban ɗanta ne, ba ya musu da ita. Na ce mata in kare ya tafi, sai ita ta riƙa shiga gaba a gindin itace da tsumagiyarta.

"Maciji mutum ɗaya yake sara," ta ce.

Gaskiya ta faɗa. Mairo, wata mai tausayi a cikinmu da ke ɓoye masa ƙashi, ta ce a ɗaure masa baki da tsumma. Wata ta ce a jefa masa ƙwayar barci a dusa. Na ƙi duka. Kare ta baki yake fitar da zafin jiki, ki ɗaure shi cikin ranar nan kin kashe shi. Mai maye kuwa zai kai ki har kan kububuwa yana kaɗa wutsiya. Ba bebe nake so ba. So nake ya ci gaba da kawo labari, amma ya daina kawo shi da baki.

Na koma kan karatun Gwaggo, sai dai na matso da amsar gaba. Na zauna idona a kan kunnensa. Da kunne ya miƙe, kafin baki ya buɗe, na tashi na tsaya gabansa na duba na ce na gani, na ba shi ɗan ƙanzo. Ƙadangare ne, na gani. Kurciya ce, na gani. Ina cikin cin tuwo, ina cikin wanki, gwiwa tana ƙara, sai na tashi. In ya riga ni ya yi haushi, ba duka ba tsawa, amma ba ƙanzo. Da ya gane amsa tana zuwa ba sai ya kira ba, sai na fara jinkiri da gangan ina kallon wani wuri. Ya dube ni, ya dubi daji, ya yi ƙugi a maƙogwaro, ya rasa yadda zai yi, sai ya zo ya zungure ni da hanci a gwiwa. Nan take na miƙe kamar wadda kunama ta harba, na amsa, na ba shi guntun kilishin da nake ɓoyo. Daga ranar hanya ta buɗe. Ba ta miƙe ba dai, wani lokaci baki yana riga hanci, kuma duk haushin da ya kuɓuce masa sai in ga Hajiya ta dubi hanyar da Sale zai ɓullo.

Abin ya zame wa zango wasa, Hajiya ce ma gwanar. Da yamma in ana ɓarar nama sai ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta yi irin ɗingishina, ta ƙura wa kututture ido ta ce da muryata, "Na gani, ranka ya daɗe." Mata su yi ta dariya a cikin zane saboda dokar shiru. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin inda kare ya horar da mace ba sai a kaina. Na ce mata ta yi ta dariyarta, ni dai ba a barin kare ba amsa. Ranar da Duna ya kuskura ya nufi gwiwarta kuwa, tsumagiya ta sauka a kan hancin, ya wuni yana atishawa.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, ana sa ran Sale washegari. Na ɗauki dafaffen kaɗe na haura falalen dutsen da ke hayin rafi don in shanya, na bar Duna a zango, don da rana nan ne wurin aikinsa. Mata suna zaune suna fasa busasshe da duwatsu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarar da ba wadda ta tuna ta sa cikin doka saboda kunnenmu ya saba da ita. Hajiya tana gefe a kan buzu, ta gama alwala za ta yi sallar walaha.

Daga kan dutsen ana ganin zango, ana ganin burtali. Ina baza kaɗe na ɗaga kai na hango su. Maza ne a jere, bindigogi a rataye, suna tura babura a kashe, ba mai magana. Ko mai ne ya ƙare musu, ko ba sa so a ji su, ban sani ba. Hanyarsu ta bayan kurmin za ta bi. Na kwanta rub da ciki. In na yi kira sun ji, in na tashi sun gani, in na yi shiru ƙarar fasa za ta kai su har kan tabarma. Ba abin da ya rage mini sai ido.

Na ga Duna ya miƙe, kunnuwa a tsaye, gashin wuya ya tashi. Ya juya yana nemana inda na saba zama, ba ni. Ya zagaya bukkata, ba ni. Na ga ƙirjinsa yana kumbura, na san abin da ke hawowa. Sai ya haɗiye shi ya nufi mata. Ya wuce Mairo mai ba shi ƙashi, bai ko dube ta ba. Ya wuce sauran duka. Ya tafi kai tsaye wurin wadda ba ta taɓa ba shi komai ba sai tsumagiya, ya sa jiƙaƙƙen hancinsa a gwiwarta, a kan zanen salla.

Ba wanda ya koya masa wannan. Ni gwiwata kaɗai na koya masa. Ashe ya zauna a zangon nan yana karanta mu kamar yadda na zauna ina karanta kunnen karen Gwaggo, har ya san wadda in ta ɗaga hannu ba mai tambayar dalili. Da Mairo ya taɓa, da sai ta ce mene ne, wata ta ce ƙila biri ne, a tsaya gardama.

Hannun Hajiya ya tafi kan tsumagiya, ta ɗaga. Ina ganinta a sama. In ta sauka zai yi kuka, kukan kuma ya ishe su. Sai hannun ya tsaya. Ta dubi wuyansa, ta dubi kunnuwan. Ta aje tsumagiya a hankali, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta je gabansa ta ba shi baya ta fuskanci kurmi, daidai yadda take kwaikwayona da yamma, sai dai ba ɗingishi. Ba abin da za ta iya gani ta cikin kurmin nan, duk da haka ta duba, dubawa ta gaske. Na ga bakinta ya motsa. Sannan ta ɗaga hannu ɗaya sama, ƙarar fasa ta ɗauke kamar an yanke da wuƙa. Ta nuna ƙasa, kowace ta kwanta inda take.

Ita kuwa ta zauna ta jawo kan Duna ta ɗora a cinyarta, ta lulluɓe shi da mayafi. Mutanen suka iso bayan kurmin. A nan ɗaya ya tsaya gyara ɗaurin kayansa, sauran suka jira shi. Daga inda nake ina jin ƙarfen bindiga yana bugun tankin babur. Ina ganin mayafin Hajiya yana rawa, don karen duk jikinsa ɓari yake, hannunta kuma yana tafiya a kan wuyansa sama da ƙasa, irin tafiyar da yake yi a cikin kwaɓin kaɗe. Wani ɗan kaɗe ya faɗo tim a tsakiyar zango. Duna bai ce uffan ba. Suka gama ɗaurinsu suka tura suka wuce, burtali ya haɗiye su.

Ban sauko ba sai da ya fito da kai daga mayafin na ga kunnuwan sun kwanta. Na tsallako rafi na iso zango. Hajiya ta ture shi da ƙafa, ta ɗauki buta ta gangara rafi, ta cuɗa hannu da yashi, ta wanke zane, ta wanke mayafi, ta sake alwala ta yi sallarta. Da ta sallame ta dube ni.

"Ɗiyar Maguzawa, hancin ƙazamin nan naki sanyi gare shi kamar ƙanƙara," ta ce. "Ku naɗe kaya."

Muka kwashe abin da kai zai iya ɗauka muka bi rafi zuwa gida, Duna a gaba. Washegari Sale ya yi sallama a ƙofata da igiya a hannu, don hukuncin da uwarsa ta yanke wa kare ya riga ya kai kunnensa, ba kuma wanda ya gaya masa magana ta sauya. Kafin in buɗe baki sai ga uwarsa ta leƙo ta kan katanga, ta ce ya koma ya ɗaure jakinsa da ita.

Tun daga shekarar ba mu sake kwana a daji ba. Ƙwayar da kuke gani ina bugawa yanzu ta kasuwa ce, da maɗorin Daudawa yana raye da ya tofar. Itatuwan can suna nan suna zubarwa kowace damina, ɓera da biri suna ci.

Duna ya tsufa a gari. Kunnen nan da ya fi na kowa ya toshe, ido ya yi fari. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a, ya lallaɓa ya shiga gidan Hajiya, ya same ta a kan buzu, ya sa mata hanci a gwiwa. Ba abin da ya ji, ba abin da zai iya ji. Ita kuwa lokacin sai da sanda take tashi. Ta yi tsaki, ta ce ƙazami, ta dafa sanda ta miƙe, ta tsaya gabansa ta ƙura wa katanga ido, ta ce na gani. Ya kwanta. Ta ja ƙafa ta je ta sake alwala. Wata rana na ga an yi ta haka har ruwan butarta ya ƙare. Na ce mata ta daina wahalar da gwiwarta, kurma ne, ba abin da ke bayan katangar nan sai akuyata.

"Ke kika ce ba a barin shi ba amsa," ta ce. "Ɗebo mani ruwa."

Daji ba zai dawwama a haka ba, da yardar Allah. Ranar da ya gyaru ku za ku koma, ba ni ba, kuma ba za ku koma ba kare ba. Mai son koyon kaɗe ta zo gobe da safe. Akwai jikan Duna a bayan rumbu, kunnuwansa biyu lafiya lau. Kwando kuwa ku bar shi a gida.